Zamanmu da Jami'a, Daga Bakin Mai Gyaran Famfo

Sana'ata gyaran famfo ce, kuma mai wannan sana'a a unguwar ɗalibai ya fi mai unguwa sanin cikin gidajen mutane. Ina shiga banɗakin yaron da ya zo karatu daga Jalingo ko Jos, ina shiga na dattijon da yake nan tun kafin Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976. Kowa da abin da yake faɗa a kan ɗan'uwansa, kuma da yake kaina na sunkuye a kan faif, sai su yi ta zuba, sun manta ina da kunne. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na sani game da zamanmu da jami'ar da muke maƙwabtaka da ita a gefen garin Bauchi. A nan aka yanke cibiyata, a nan nake neman abinci, a nan kuma ake zawarcin abin da ya rage na gidan ubana.

Lokacin da aka zo auna filin makarantar ina goye, don haka a bakin Baba na ji labarin, Allah ya jiƙansa. Gonarsa ta gero da gyaɗa, da kukoki da ɗorawar da ke cikinta, duk sun faɗa ciki. An biya diyya, ba zan ce ba a biya ba. Sai dai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta riga ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, abin da ake lissafa wa manomi shi ne abin da ke bisa ƙasar, wato shuka da itatuwan amfani da gini in akwai. Ita kanta ƙasar da za ta ci gaba da ciyar da 'ya'ya da jikoki ba a yi mata kuɗi. Baba ya sayi keke da kwanon rufi, sauran ya bi hidimar gida. Har ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa jin ya ce an zalunce shi ba. Cewa yake yi gwamnati ta karɓa, kamar yadda ake cewa ruwa ya yi gyara in ambaliya ta cinye gari.

Ƙuruciyata daɗi na ji da makarantar. Babu katanga a lokacin, 'yar waya ce da awakinmu ma ba sa ganin girmanta. Muna shiga yankan ciyawa, muna buga ƙwallo a filinsu, Baba ya sami aikin gadi, Inna kuma ta kafa tandarta ta masa a bakin ƙofa. Ɗaliban ba su da yawa, kusan dukkansu a ciki suke kwana. Wani daga cikinsu, mutumin Adamawa, shi ya zaunar da ni ya koya mini lissafin awo, wanda da shi nake auna faif har gobe.

Abin ya sauya ne a hankali, ba wanda zai nuna maka ranar. Kowace shekara ana buɗe sababbin sassa, ana ƙara yawan waɗanda ake ɗauka. Daga wajen katanga muna hango manyan ɗakunan lacca suna tashi, da yawansu da tambarin TETFund, asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, a goshi, amma ɗakunan kwana suna nan kusan yadda muka san su. Yaron da aka ba gurbin karatu aka hana shi gado dole ya kwana wani wuri, wurin nan kuwa mu ne. Da fari ɗakin soro ake ba su, ko shagon ƙofar gida, suna gaida masu gida, ana aika musu tuwo da dare. Daga baya masu kuɗi suka gano cewa ɗalibi ya fi magidanci riba: kuɗin shekara yake biya dunƙule, su haɗu biyu ko uku a ɗaki ɗaya, ba mata ba 'ya'ya, ba kuma zuwa da dattawa a roƙa masa a ɗaga ƙafa. Nan aka fara ba magidanta notis. Malaman firamare, 'yan acaba, masu wankin hula, mutanen da muka yi shekara da shekaru muna sahu ɗaya a masallaci, suka kwashe komatsansu suka nausa can gaba inda ba wuta ba hanya. Gidajen da suka bari aka rushe, aka jera ɗakuna fuska da fuska, kowanne da banɗakinsa da ɗan wurin girki, aka rubuta wani suna na Turanci a get, ya zama loji. Masu waɗannan lojin ba a unguwar suke kwana ba. Wani babban ma'aikaci ne da ya yi ritaya, wani ɗan kasuwa ne a Wunti, wani malami ne a cikin jami'ar, wani ma yana Abuja sai dai a ji muryarsa a waya. Kiyateka da ejan kawai muke gani.

Mu ta hanyar gado abin ya shigo mana. Bayan rasuwar Baba aka raba gida, Yaya ya sami ɓangaren gabas. Yana da 'ya'ya tara da bashin asibiti, dillalai kuma suna sintiri a ƙofarsa. Ranar da ya zo sanar da Inna ina zaune. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yafe mini, na karɓi kafin alƙalami." Ta daɗe tana juya masa a tanda kafin ta ce, "Rabonka ne, Allah ya sa ka ci moriyarsa. Amma da ka sayar wa mai iyali." Ya ce mai iyali ba zai iya ba da rabin abin da aka ba shi ba, kuma gaskiyarsa ce.

Cikin 'yan watanni katangar bulo ta ratsa tsakar gidan da muka yi rarrafe a ciki, bene ya tashi a bayanta. Tagogin saman suna kallon madafinmu da igiyar shanya da ƙofar banɗakin mata. Wanda bai tashi a gidan Hausa ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Matata ta koma sa hijabi in za ta ɗebo itace a cikin gidanta. Inna da ta saba shan iska da ɗaurin ƙirji a gindin darbejiya bayan la'asar ta koma zaman ɗaki. Yaran da ke sama ba leƙe suke yi da gangan ba, yawancinsu ma kunya suke ji, suna sakin labule. Amma zafin Bauchi a watan Maris ba ya barin mutum ya rufe taga. Da kuɗina na sayi langa-langa na ƙara wa katangar tsawo, iskar farkon damina ta yaye shi, na sake kafawa.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar ruwa, kuma nan ne nake da abin cewa fiye da kowa, don aikina ne.

Ƙarƙashin garin nan dutse ne. Duk wanda ya ɗaga kai ya ga duwatsun da suka kewaye Bauchi ya san abin da ke ƙasa. Ruwanmu yana kwance ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama da cikin tsagogi, ba wani kogi ke gudu a ƙasa ba. Rijiyar gidanmu kakana ne ya haƙa ta, kuma tun tasowata ko a tsakiyar bazara guga ba ta fitowa wayam. Ruwan famfon gwamnati daga dam ɗin Gubi yake shigowa gari, mu da ke ƙarshen layi sai ranar da ya ga dama. To ɗalibi ba zai kama ɗakin da ba ruwa ba, don haka kowane loji da burtsatsensa, da samo, wato injin zuƙo ruwa, a ciki, da baƙaƙen tankuna a kan ƙarfe. Da an kawo wuta sai ka ji sun tashi gaba ɗaya, layi guda, kowa yana zuƙa daga tsagar da maƙwabcinsa ke zuƙa. Rijiyoyin gidaje suka fara ja da baya. Tun muna ƙara igiya, muka koma kiran masu yasa, har masu yasar suka ce sun taɓo dutse, ba inda za su ƙara.

Sai kuma abin da ke komawa ƙasan. Fuloti a nan ƙafa 50 ne da 100. Ma'aikatan duba-gari suna cewa a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da ramin ƙazanta, ƙafa 100 ɗin nan kuwa ita ce kusan mita 30. Wato ko da mutum ya sa sokawe a wannan ƙarshen fulotinsa, rijiya a wancan, da ƙyar ya cika sharaɗin, balle a yi maganar rijiyar maƙwabci da ke bayan katanga. A filin da aka yanka don iyali ɗaya sai a zuba ɗaki goma sha shida, banɗaki goma sha shida, duk suna zuba a rami ɗaya. Ni na yi aikin faif na benen da ke jikin gidanmu, don in ban yi ba wani za a kira, gara wanda abin ya shafa. Na ce wa injiniyan, "Yallaɓai, a kai sokawen nan bakin get, nan taku goma ne zuwa rijiyarmu." Ya ce bakin get wurin ajiye mota ne, zane ya riga ya fita, Alhaji kuma ba ya son canji. Na yi iya abin da zan iya wajen shafe cikin ramin da siminti mai ƙarfi. Siminti kuwa yana da shekarunsa.

Damina ta biyu Inna ta kira ni ta nuna mini randa. Ruwan da ya kwana ya yi wata yana a sama, in ka kaɗa shi da moɗa sai ya yi kumfar da ba ta saurin mutuwa, ga wani ɗan wari da sai ka kai hanci kusa. Ta ce, "Kai ne masanin ruwa, faɗa mini." Na ce a daina sha. Wasu kiyatekan kuma, maimakon su kira motar kwashe masai su biya, jira suke a fara ruwan sama da dare su buɗe sokawe ta bi kwata, kwatar nan kuma ta ƙofar gidajenmu take wucewa, a cikinta yara ke tsallen ruwa da safe. A 2021, shekarar da kwalara ta yi wa Jihar Bauchi mummunan kamu, an ɗauki ɗana na uku ranga-ranga, Allah ya yi da sauran kwanansa. Maƙwabcinmu ya binne 'yarsa. Daga cikin lojin ma an fitar da ɗalibai a Keke Napep, abokansu na riƙe da ledar ƙarin ruwa. Tun daga lokacin rijiyarmu ta koma ta wanki. Ruwan sha a wurin 'yan garuwa muke saye, su kuma a burtsatsen wani loji suke cika jarkokinsu, su biya kiyateka.

In ka zauna a majalisar dattawa ba ruwa za ka fara ji ba. Shigar 'yan mata za ka ji, da samarin da ke kwana a ɗakinsu, da kiɗan bikin ranar haihuwa har ƙarfe biyun dare, da ranar gama jarrabawar ƙarshe da suke fitowa da fararen riguna ana yi musu rubutu a jiki, ana tsere da motoci a layin da yara ke wasa. Duk gaskiya ne, ni ma ina da 'ya'ya mata, kuma na sha tashi da asuba kaina na sarawa saboda janareton maƙwabta. Amma in ina kwance a ƙarƙashin sink ɗin ɗalibi, wani karatun nake ji. An karɓi kuɗin haya, an karɓi na ejan, an karɓi na ajiya saboda ɓarna wanda ba a taɓa mayarwa, rufi na yoyo, mai gida ba ya ɗaga waya. Mai shago yana da farashi biyu, na ɗan unguwa da na ɗalibi. Yarinya ba ta isa ta dawo daga karatun dare ita kaɗai ba. 'Yan sara-suka sun san lokacin da ake dawowa hutu da sababbin wayoyi da kwamfutoci, kuma wasu daga cikin masu nuna musu ƙofa 'ya'yanmu ne, mun sani, su ma ɗaliban sun san mun sani.

Wata rana aka fasa wani loji da dare, aka kwashe kaya, aka sari wani yaro a kafaɗa. Kafin hantsi ɗalibai sun tare titi, sun cinna wa tayoyi wuta, suna cewa unguwar ɓarayi. Samarinmu suka fito da gorori. Unguwarmu haɗaka ce, Musulmi da Kirista, Gerawa da Jarawa da Sayawa da Fulani da Angasawa, kuma duk ɗan Bauchi ya san yadda rigimar da ta fara a kan waya ko budurwa take rikiɗewa ta zama ta addini kafin azahar. Mai unguwa da liman da wani fasto suka shiga tsakiya, babu komai a hannunsu, suka yi ta kiran yaran da sunayen iyayensu har 'yan sanda suka iso. Ba a rasa rai ba. Amsar da makaranta ta bayar ita ce ta toshe ƙaramar ƙofar da ke ɓangarenmu, ta ce ba mai shiga sai da katin shaida. Ta wannan ƙofar matanmu ke yanke hanya zuwa titi, ta nan masu tallan masa da kunu ke shiga. Tafiyar da ba ta kai a ce an yi tafiya ba ta koma sai an hau abin hawa.

Muka haɗa tawaga muka je, ni an sa ni ne don in yi bayanin ruwa. An karɓe mu da mutunci a wani ofis mai sanyi, an kawo lemo. Mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, 'ya'yanku muke riƙe muku. Abu uku muke roƙo: a buɗe ƙofa, a sa hannu a gyaran kwata, a kuma riƙa sanin gidajen da yaran nan ke kama haya." Jami'in ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Baba, wallahi mun fahimta, amma huruminmu a katanga ya tsaya. Abin da ke waje na ƙaramar hukuma ne da hukumar tsara birni." Wani tsoho a cikinmu, wanda shi ma gonarsa na cikin filin, ya ce, "Yallaɓai, kowa ya ci ladan kuturu ai shi ke yi masa aski. Ku kuka karɓi kuɗin makarantarsu." Aka yi dariya, aka ce za a kafa kwamiti.

Na yi ta juya maganar jami'in nan. Ba ƙarya ya yi ba: ba shi ke ba da izinin gini ba, ba shi ya ce a haƙa sokawe a jikin rijiya ba, kuma kuɗin da gwamnati ke sakar musu kowa ya ji kukan da suke yi a kansa. Amma yawan yaran da za a ɗauka a shekara a hannunsu yake, sun kuma san adadin gadajen da suke da su. Ragowar da suka san ba su da wurin kwantar da ita, sun san inda take zuwa.

Sai ga yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Mun riga mun ɗanɗana a 2020, da korona da yajin aiki suka haɗu, amma wannan karon gari na harkokinsa, mu kaɗai ne muka mutu. Lojin suka koma kufai, ciyawa ta fito a bakin get. A watan Afrilun shekarar, tsakiyar bazara, na zura guga a rijiyarmu na ji ta nutse tun igiya ba ta ƙare ba. Na kira Inna ta gani da idonta. Dare ya yi tsit, dattawa suka sami barcin da suke nema. Amma mai shayi ya tattara teburinsa ya koma ƙauye, mai fotokwafi ya sayar da injinsa, masu Keke Napep suka koma cikin gari suna rububin fasinja a kasuwar Muda Lawal. Ƙanwata da ta gaji tandar Inna ta koma kwaɓa mudu ɗaya a maimakon tiya, shi ma sai ya kwana. Ni kuwa sai in wuni wayata ba ta yi ƙara ba, har na shiga bin magina ina leburanci. Dattijon da ya fi kowa zafi a kan shigar 'yan mata, wanda yake da shaguna uku a bakin titi, da kunnena na ji shi bayan sallar isha'i yana tambayar wani malami, "Wai yaushe za su janye ne?" Ranar da aka ga motocin farko sun sauke yara da akwatuna, har guɗa aka yi a layinmu. Bayan 'yan makonni aka koma zagin su.

Yanzu babbar 'yata tana cikin jami'ar, tana karatu. Mutanen unguwa da yawa suna ɗauka cewa tunda gonakinmu aka karɓa, 'ya'yanmu na da wani kaso na musamman. Babu. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya shi ne kashi 45 cikin 100 na cancanta, 35 na jihohin da ke yankin jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi. Da jiha ake lissafi, ba da unguwa ba, don haka jikar mai gonar da ɗan Azare ko Misau duk layi ɗaya suke bi. Ta sha wuyar JAMB kafin ta samu. A aji in an tashi zagin 'yan unguwa sai a juyo a ce mata ban da ke, a gida kuma samarin layi suna ce mata ta zama 'yar jami'a, ta daina gaisuwa. Kullum sai ta zagaya ta babbar ƙofa, alhali daga tsakar gidanmu ana hango rufin ajinsu.

Kwamitin makaranta bai taɓa zama ba, mu muka yi namu da shugabannin ɗalibai. Muka amince kowane loji mai burtsatse ya fito da kan famfo ɗaya waje don maƙwabta, kiyateka ya kai wa mai unguwa sunayen 'yan hayarsa, kuɗin 'yan sintiri kuma a raba tsakanin gidaje da ɗakuna. Ni na kafa yawancin famfunan, ban karɓi kuɗin aiki ba. Sata ta ragu sosai. Famfunan sun yi aiki har zuwa lokacin da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Daga nan masu tura ruwa da janareto suka fara cire kan famfon suna toshewa, sai masu sola ne suka bar nasu, su ma awa biyu da safe.

Dillalai ba su daina zuwa ba. Alhajin da ya sayi rabon Yaya yana son ya haɗe da namu ya yi bene na biyu, kuɗin da ya ambata kuma ya sa ƙannena sun fara kirana a waya suna tambayar lafiyar Inna fiye da yadda suka saba. Ita ta ce ba inda za ta, daga ɗakinta za a ɗauke ta. Ni ban ce komai ba tukuna, amma na je na duba wani fili can bayan gari, inda tsofaffin maƙwabtanmu suka koma. Na leƙa rijiyoyin wurin, ruwa na kusa, ƙasar ma ba laifi. Na tambayi dillalin ko su wa ke da fulotan da ke kewaye, ya ce huɗun da ke jere da shi wani malamin jami'a ne ya saye su bara, har an fara sauke masa bulo.